Kakan Alhaji da Littafin Amurkawa

Wajen ƙarshen shekarun casa'in, lokacin da nake zuwa Guangzhou sarin jakunkuna, na tsinci wani ƙaton littafin Turanci a masaukinmu na unguwar Liwan, bangonsa duk ya yage. Labarin wani gida ne na Amurkawa. Kakansu ya loda iyalinsa a keken doki ya nausa yamma, ya samu fili ya kewaye, ya ce nasa ne. Mutanen da ya tarar a wurin kuwa, ko shafi uku marubucin bai ba su ba. Sai 'ya'ya da jikoki, kowa gwarzo, har wanda gudawa ta kashe.

Muna zaman jiran a loda kayanmu a tashar jiragen ruwa ta Huangpu, ba aikin fari bare na baƙi, sai na riƙa fassara wa abokin ɗakina, wani Alhaji ɗan Kantin Kwari mai son a san da shi.

"Tsaya!" in ji shi. "Ai wannan tarihin gidanmu ne. Haka kakana ya sari daji shi kaɗai ya kafa gari. Kai ɗan boko ne, ɗauko biro."

Kwana huɗu yana faɗa ina rubutawa. Ran Litinin kakan ya kashe kura. Kafin Laraba kurar ta zama zaki, ran Alhamis zakuna biyu.

Ran Asabar muka ɗauki mota zuwa Shiling, garin da ake ɗinka jakunkuna, tare da wani dattijo ɗan Maraɗi mai sarin takalma. Alhaji ya ce in karanta wa dattijon tarihin da na rubuta. Dattijon ya saurara tsaf, sannan ya tambayi sunan garin da na kakan. Da Alhaji ya faɗa masa, sai ya ce:

"Allah sarki, mai jakin nan! Na san shi ina yaro. A zaurenmu yake sauka in ya kawo kanwa. Mutumin kirki, sai dai tsoron kare. Garin kuwa, da kasuwarsa da marinarsa ya tarar da shi."

"Baba, ƙila wani ne daban," in ji Alhaji.

"Ba mai ɗingishi ba?"

Alhaji ya juya yana kallon gonaki ta taga. Ni kuwa na toshe baki da hula, dariya na cina, har direba ya waigo yana tambaya ko zan yi amai ne.

Washegari Alhaji ya nemi a sauya masa ɗaki. Da na koma Kano na tarar ya riga ni, ya baza a Kwari cewa a yi hattara da ni, littattafan arna nake karantawa.