Asibiti Sun Kira, Yayata Ta Ɓoye Mini

A lokacin da abin ya faru ina zaman aure a wani ƙauye kusa da Kusada, ɗauke da cikin fari, ba ni da waya, ba ni da uwa. Yayata ce ta raine ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, ita ta aurar da ni, ban taɓa musa maganarta ba. Da maigidana zai tafi cirani, a hannunta ya bar amanata.

Cikin yana ƙarami ta raka ni awo Kankia. Malamar asibitin ta ce akwai gwajin da suke yi, a ɗebi jinin mai ciki a duba wasu alamu da ke nuna ko hawan jini da jijjiga za su iya kama ta nan gaba, tun jiki bai nuna komai ba. Ta ce sai an kai jinin wani wuri, idan sakamako ya fito za su kira. Da zuciya ɗaya na ba da lambar yayata.

Shiru-shiru ban ji komai ba. Duk sanda na tambaya sai ta ce da akwai matsala ai da sun neme mu. Da lokacin komawa awo ya yi, ta ce in bari a gama bikin 'yarta, domin ni ke riƙe da suyar dubulan da cincin. Ƙafafuna suka kumbura har silifas ya daina shiga, kaina yana sara, idanuna suna ganin walƙiya. Ta ce zaƙi ne irin na masu ciki, ta jiƙa mini saiwa na sha. Ranar wuni ina bakin murhu ina kwashe waina, iyakar abin da na sani ke nan. An ce faɗuwa na yi ina jijjiga har na taune harshe.

A asibiti na farka. Ɗan da na haifa namiji ne, bai zo da rai ba. Na yi kuka, na ce haka Allah ya ƙaddara. Sai malamar nan ta zo duba ni, ta gane ni, ta tambaye ni a hankali me ya hana ni zuwa, alhali sun yi ta kira suna cewa jinina ya nuna haɗari, a kawo ni a fara ba ni magani a riƙa auna ni akai-akai. Yayata tana gefen gado tana zuba mini kunu.

Na ce, "Yaya, da gaske sun kira?"

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Cewa na yi a gama biki mu je. Wa ya san abin zai zo da sauri haka?"

Ban ce da na je yaron zai rayu ba, ko malamar ba ta ce haka ba. Abin da ke cin raina shi ne an hana ni ko gwadawa, kuma wadda na ɗauka uwa ce ta hana ni, saboda dubulan. Muna gaisawa har yau, amma ban ƙara ba ta ajiyar ko allura ba.

'Yan'uwana mata, idan aka ɗebi jininku, ku koma da ƙafarku ku ji sakamakon da kunnenku. Wanda kuma aka ba saƙon asibiti ya isar da shi a ranar, ko da ango yana bakin ƙofa.