Baba Gobe Ya Ajiye Sifana

Shekara talatin da ɗoriya, duk wanda ya bi ta Bukan Sidi a garin Lafia da sassafe zai tarar da Malam Abdulsalami bakanike a gindin mangwaro. Ya ɗora gaban mashin a kan wani tsohon turmin matarsa Mairama, yana juya ƙafar a hankali, yana ƙwanƙwasa wayoyinta ɗaya bayan ɗaya da ƙaramar sifana, kunne a karkace. Wadda ta saki ba ta iya ɓoye masa. Shayinsa kan huce kafin ya tuna da shi.

A wancan zamani, da an gama haƙar doya sai samari su shirya tseren mashin a hanyar Agyaragu, kowa burinsa a buɗe masa inji, a taɓa kabireta. Malam yakan yi, amma yana da doka: ba ya taɓa inji sai ya gama da gaba. Ya kwance wuya ya duba boris, 'yan ƙwallayen ƙarfen da ke ciki, ya daidaita man shokazoba, ya miƙe rim. Sannan ya hau da kansa, ya ba shi wuta, ya sassauta riƙo don ya ji ko kan zai yi rawa. Samari suka gaji da jira da jin "sai gobe", suka laƙaba masa Baba Gobe. Shi kuwa sai ya yi dariya ya ce sauri ya haifi nawa. An sha faɗuwa a tseren nan, amma ba a taɓa jin kan mashin da ya fito daga hannunsa ya ƙwace wa mai shi ba. Ranakun nan akwai daɗi, kuma muna kewarsu.

Bara tsufa ya shigo masa ta hannu. Hannayen suka fara karkarwa, yana ɓoye su a aljihu. Ana haka sai Tersugh, wani matashin manomi daga Agyaragu, ya kawo mashinsa, saura kwana biyu tsere. Malam ya gama aiki, ya fita gwaji, ya ji rawa. Ya dawo, amma bai san ko mashin ne ko hannunsa ba. In ya ce lafiya lau, ran ɗan mutane ne a kai. In ya faɗi gaskiya, gari zai ji cewa Baba Gobe ya ƙare.

"Baba, in kai ka ce mashin ya yi, shi ke nan. Ba ni makulli," in ji Tersugh.

Malam ya zaro hannayensa ya miƙa su a gaban kowa. "Ɗana, duba. Na ji rawa, amma ban sani ba ko tawa ce. Kai shi unguwar Akurba wurin Iorliam."

Iorliam a hannunsa ya koyi aiki, yanzu yana da garejinsa. Da ya kwance wuyan, sai ga tsaga siririya kamar gashi a sandar wuya. Tersugh bai yi tseren ba, amma yana nan da ƙafafunsa biyu yana noma. Mutane suka yi ta zuwa suna cewa ai hannun bai yi ƙarya ba, ya ci gaba da aiki.

"Wannan karon na dace," in ji Malam. "Na gaba fa, da ɗan wa zan gwada?"

Ranar Juma'a ya tattara kayan aikinsa ya ba Iorliam. Mairama kuma ta karɓe turminta.

Malam Abdulsalami, kai ne likitan wuyan mashin. Kai ne ka zaɓi a ce ka tsufa da a ce ɗan wani ya tafi. Mun gode, Allah ya saka da alheri, ya ba ka lafiya. Ku kuma masu riƙe da sifana a Lafia, ku koyi gyaransa, amma ku fi koyon abin da ya yi ran nan. Shekara talatin yana ce wa samari gobe, da abin ya zo kansa bai ɗaga ko kwana ɗaya ba.