Ni Na Kai Yemima

Yemima, 'yata ta biyu, ta fara wasan kwaikwayo a cocinmu na Kafanchan, ranar godiyar girbi. Ta fito a tsohuwa mai ɓoye doya a zani, har fasto ya cire tabarau yana share hawayen dariya.

Da ta gama kwaleji ta ce fim za ta yi. Ni malamin lissafi ne, ban san hanyar ba. Amma na san Azariya, abokin karatuna a jami'a, mai shirya finafinan Hausa na coci. Na ɗauki galan ɗin zuma, na kai Yemima gidansa da kaina, na faɗi abin da iyayenmu ke faɗa in sun ba da riƙo: "Ga 'yarka." Ba gwaji, ba takarda. A ganina gata na yi mata.

Shekara huɗu ta yi a hannunsa. Sau uku ta fito a mai kuka a gidan makoki, sau ɗaya a mai tallan citta. Sauran lokacin gugar kayan 'yan wasa take yi. Kullum babban matsayi sai fim mai zuwa.

Bara wata darakta, Hajiya Kubra, ta zo daga Kaduna ta yi gwaji a garinmu. Cikin mata arba'in, Yemima ta zaɓa. Amma ta ce mata, "Ke 'yar gidan Azariya ce. A sana'ar nan ba a ɗaukar 'yar wani a bayan idonsa. Ya sake ki tukuna."

Yemima ta je ta durƙusa masa. Ya ce, "Ke kika kawo kanki? Wanda ya kawo ki ya zo ya ɗauka."

Ta same ni ina duba takardun ɗalibai.

"Baba, magana ɗaya ce fa."

"Wanda ya riƙe ki ba a juya masa baya haka kawai."

"Ticha, ko tsoron ɗan ajinku kake?" Ta yi dariya, amma ba ta kai zuci ba.

Na ce sai bayan Lahadi. Benci ɗaya muke zama da Azariya a coci, na dattawa. Lahadi uku ina gaishe shi, ina tambayar iyali, kunya ta hana ni. Hajiya Kubra ta ɗauki wata.

Ran sha biyu ga Agusta Azariya ya aiki Yemima ƙauyen Nok da jakar kayan wasa. An yi ruwa. Babur ɗin da ta hau ya zame a bakin gada. Shekararta ashirin da biyar.

Wajen jana'iza Azariya ya yi jawabi, sau shida yana cewa "'yata". Na ƙirga.

Bayan mako guda na je gidansa. Ya miƙo kujera, ban zauna ba.

"Na zo in karɓi Yemima."

Ya ce, "Na sake ta."

Na yi godiya, kamar yadda aka saba, na koma gida.