Ƙofar Fita ta Garba Ba-Ribas

Da bazarar nan yayana Garba ya cika shekara takwas da rasuwa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. A Jega in ka ce Garba kawai za a tambaye ka wane Garba, amma in ka ce Garba Ba-Ribas, tsofaffin direbobin albasa daga nan har Aliero da Maiyama za su ce maka Allah sarki. Na so in yi wannan waiwaye da sanyin zuciya kamar yadda ake yi wa mamata, in faɗi kirkinsa, in yi masa addu'a, in aje alƙalami. Abin ya ƙi. Tsoro ne ya sa ni rubutu yau, kuma ba zan ɓoye muku ba.

Gidanmu na gado yana cikin wani lungu mai baki ɗaya. A bakin lungun akwai fili babba na marigayi Alhaji Ladan, wanda a da kango ne, awaki na kiwo, yara na ƙwallo. Da kasuwar albasa ta buɗe, manyan motoci suka fara tsayawa a wurin suna jiran lodi zuwa Kudu. Garba ya daɗe yana tuƙi har ciwon baya ya sauke shi daga sitiyari, sai Alhaji ya danƙa masa kula da filin. Tun yana direba an san shi da ƙin komawa da baya. Gara ya zagaye rabin gari da ya sa giyar ribas a inda mutane ke wucewa, abokansa na yi masa tsiya, yana ce musu sannu ba ta hana zuwa.

Abin da ya mayar da wannan hali doka shi ne Luba, ɗiyarsa tilo. Ba ta daɗe da fara tafiya ba sanƙarau ya kama ta. Ta tashi, amma ta tashi ba kunne. Ranar da aka tabbatar masa ba za ta ƙara ji ba, bai yi kuka a gabanmu ba. Fita ya yi ya tsaya a tsakiyar filin nan yana kallon motoci, ya daɗe. Washegari ya ɗauko diga.

Ya fasa wa filin ƙofa biyu, ta shiga a gabas wajen lungunmu, ta fita a yamma wajen kwalta. Ya tsara motoci su riƙa tsayawa a karkace, kowace hancinta na kallon ƙofar fita, yadda in an gama lodi sai dai a tada ta a wuce. Ya bi gareji-gareji yana roƙon tsofaffin tayoyi, ya binne su rabi a jere, ya raba hanyar ƙafa da hanyar mota tun daga bakin lungu har titi. Direbobi suka yi ta mita, wai ya cinye wurin motoci da yawa a banza. Wani baƙon direba daga Maiyama ya taɓa yi masa gardama, na ji da kunnena daga zaure.

"Babbar mota ba ta da ido ga ƙeya," in ji Garba. "Wanda duk yas shigo hilin ga da hanci, da hanci za ya hita. In ba ka iyawa, ga titi can."

Kada mai karatu ya ɗauka waliyyi nake bayani. Garba mafaɗaci ne, bakinsa ba linzami, ya sha korar mai lodi saboda magana ɗaya, Alhaji ya bi baya yana ba da haƙuri. Kuma ba maƙiyin gini ba ne. Yana son bene kamar me, in ya dawo daga Kudu ba shi da labari sai na dogayen gidaje, yana cewa garin da ba a gini cikinsa ya fara mutuwa. Shi dai abu ɗaya ya riƙe, a bar wa mota hanyar fita ta gaba.

Hawan jini ne ya yi ajalinsa, Luba na da shekara biyar. Uwarta ta gama takaba ta koma wajen danginta a Kuberi, daga baya ta yi aure can. Yarinya ta zauna hannuna, ni da na dawo gida tun rasuwar mijina. Tsohuwar malamar firamare ce ni, ciwon gwiwa ya zaunar da ni, sai na zuba abin da ya rage mini na koyarwa a kanta. Mun ƙirƙiro maganarmu ta hannu, ni da ita. Na koya mata karatu da rubutu. Yanzu shekararta sha uku, kullum da safe tana ƙetare titi zuwa gidan wata baiwar Allah da ke koya mata keken ɗinki, da yamma ta tafi Islamiyya inda malamarsu ke rubuta mata darasi a allo ita kaɗai. Duk inda za ta je sai ta bi ta bakin filin nan, don lungunmu ba shi da wata mafita.

Bayan Garba da shekara biyu Alhaji Ladan ya bi shi. Aka raba gado. Da farko shago ɗaya aka yi a kusurwa, na mai shayi, ba wanda ya ce uffan. Sai na biyu, sai na uku. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wata safiya muka ga ana haƙa tushe daidai ƙofar yamma, wai filaza za a yi, benen shaguna mai hawa biyu, tun da nan ne ke kallon kwalta, nan ne haya ke tsada. Motocin kuma ba a kore su ba, don su ma kuɗi suke kawowa. Aka bar musu ƙofa ɗaya, wadda ke bakin lungunmu. Su shiga da hanci, su fito da gindi.

Ba mu yi shiru ba, wannan kam a shaida mana. Maza suka taru ƙofar mai unguwa, liman ya yi magana, mahautan bakin titi suka yi. Ni ma na ɗingisa na je, ko da yake an ce ba wurin mata ba ne. Babban ɗan Alhaji bai yi mana rashin kunya ba. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malama, hilin ga gadonmu na, kuma takardunmu sun cika. Mu ma ɗiya gare mu da muka ciyarwa." Gaskiya ya faɗa, abin da ya fi ciwo ke nan. Ya yi alkawarin za a sa ɗan kamasho ya riƙa ba da hannu duk lokacin da mota za ta fito, kuma ba za a taɓa layin tayoyin nan na masu ƙafa ba. Taro ya watse a kan haka. Maƙwabcinmu da ya fi kowa ɗaga murya a ranar, yau shi ke da shagon cajin waya a ƙasan benen. Ban zarge shi ba, yana da iyali. Amma in baki ya ci, ido kan ji kunya, tun daga nan bai ƙara tada zancen ba.

Na sha tambayar kaina me Garba zai ce da ya ga wurin yanzu. Ina jin zai tsaya ya yaba benen, ya ce an zuba rodi da kyau. Zai ji daɗin ganin samarin unguwa sun sami abin yi maimakon zaman banza. Daga nan zai juya ya ga tirela cike da buhunan albasa tana fitowa da baya, tana cike bakin lungu daga bango zuwa bango, direba na leƙen madubi ɗaya, ɗan kamasho na can ɗaya gefen yana ta "zo, zo, zo". Abin da zai biyo baya ba na jarida ba ne.

Akwai abin da masu kunne ba su sani ba. Luba da tafin ƙafa take jin mota. Tun tana ƙarama in babbar mota ta taso, ƙasa kan yi rawa, sai ta tsaya cak ta waiga. Wannan ne ya daɗe yana kwantar mini da hankali. To yanzu an kafa injin buga bulo a cikin filin, ga janareto a bayan kowane shago, ƙasa na rawa tun safe har magariba. Da kanta ta gaya mini, ta dafa ƙasa da hannu, ta girgiza kai. Duk rawar ta zama iri ɗaya a wurinta.

Mako uku da suka wuce, da hantsi, ina tsaye bakin zaure na bi ta da kallo kamar kullum. Ta ɗauki jakar ɗinkinta tana tafiya, kanta a sunkuye tana duba wani yanki na atamfa. An jibge yashi a kan hanyar ƙafa, sai ta ratse ta bi tsakiyar lungu. Daidai nan wata tirela ta fara fitowa da baya. Luba ta ba ta baya, ita ma motar ta ba Luba baya. Ɗan kamasho yana wancan gefe, bai gan ta ba.

Innalillahi. Na buɗe baki na kira sunanta. Ni da na raine ta, ni da na fi kowa sanin ba ta ji, sunanta na kira. Mai shayi ya kira, mahauta suka kira, duk lungu ya ɗauka, Luba, Luba. Na yunƙura in ruga, gwiwa ta ce ba ta san zancen ba, na faɗi a bakin ƙofa. Ina kwance ina kallon ƙarfen bayan motar nan yana matsowa kanta a hankali, ba gaggawa, ita kuma tana juya ƙyallenta.

Sahabi ne Allah ya kawo. Direba ne yanzu, a hannun Garba ya koyi mota. Yana tsaye wajen masu lodi, ya yi nisa da ita, gudu ba zai kai shi ba. Sai ya zari albasa ɗaya daga bakin buhu ya jefa. Ta same ta a tsakiyar baya. Ta juyo a fusace don ta ga mai jifanta, ta yi ido biyu da taya, ta faɗa cikin kwata. Motar ta bi ta kan jakar ɗinkin.

Da aka kawo mini ita, jikinta duk ƙazantar kwata, gwiwar hannu a ɗaye, ban iya yi mata ko alama ɗaya ba. Sahabi ya tsuguna a zaure yana haki. "Gwaggo," ya ce, "wallahi ni ma sunanta niy yi ta kira kamin in tuna." Direban motar kuwa da ya sauko aka gaya masa, zama ya yi a ƙasa ya riƙe kai. Ba mugu ba ne. Bai ga komai ba, kuma ba yadda za a yi ya gani.

Tun ranar ba ni da sukuni. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. In na ji an tada mota sai in zabura, ko da Luba na zaune gabana. In ta fita sai in kafa kujera a bakin ƙofa har ta dawo, tasbaha a hannu amma ban san abin da nake ja ba. Na roƙi yaran maƙwabta su riƙa raka ta, suka yi kwana biyu suka gaji. Na sake aika wa magada, suka jajanta, suka aiko da sabuwar jaka, suka ce za a ƙara ɗan kamasho. A satin nan kuma aka fara tone tayoyin Garba ana jefawa gefe, an sauke bulo a wurin. Wai shaguna ƙanana ne, ba za su ci wuri ba.

Me ya rage na yayana ke nan? Ƙofarsa ta zama bene, layinsa an tone. Amma ba zan ce ya tafi a banza ba. Har yau in ka ga direba a Jega ya sauko daga mota ya zagaya bayanta da ƙafarsa, ya leƙa ƙarƙashi kafin ya tada, tambaye shi wa ya koya masa. Sahabi da wasu 'yan kaɗan sun daina shiga filin gaba ɗaya, a bakin kwalta suke tsayawa, su biya masu baro su kai musu kaya, suna asara suna sane. Wannan ya rage. Sai dai su kaɗan ne, motocin kuma ba su ƙirguwa, yawancin direbobin ba su taɓa jin sunansa ba. Ina roƙon masu gini a garuruwanmu, ku yi gininku, Allah ya sa albarka, amma kafin ku toshe wata kafa ku tambayi mutanen wurin don me aka bar ta.

Ni dai gaba kura ce baya siyaki. In na kulle ta a gida na kashe ta da rai, in na bar ta tana fita ban san ranar da albasa za ta kuskure ba. Na aika wa uwarta a Kuberi, ta ce a kawo ta, mijinta ya yarda. Can ba tirela. Can kuma ba keken ɗinki, ba malamar da za ta rubuta mata a allo, ba wanda ya iya maganarmu ta hannu, har uwar da ta haife ta.

Jiya bayan la'asar na zaunar da ita na gaya mata. Na nuna ta, na nuna hanya, na yi alamar uwa. Ta gane tun kafin in gama. Ba ta yi kuka ba, halin ubanta gare ta. Ta tambaye ni ko tare za mu tafi, na ce a'a. Ta tambaya ko kwana nawa za ta yi, na kasa ɗaga yatsa ko ɗaya. Ta daɗe tana kallona. Sannan ta dafa ƙirjinta, ta buɗe tafin hannuwanta biyu a gabana, alamar da muke yi in ana tambayar laifi.

Me na yi, Gwaggo?

Jibi Sahabi zai kai ta. Har yanzu ban ba ta amsa ba.