Inda Mai Garkuwa Yake

A tsakiyar gonar Baba, can wajen hanyar Bakura, akwai wani ɗan kwari da ruwa ke kwanciya a farkon damina, ya yi wata guda ya ƙafe. A cikinsa kaɗai ake ganin mai garkuwa. Mu muka sa masa sunan. Kamar talibambam yake, sai dai bayansa da ɓawo, ƙasan cikinsa ƙafafu ba iyaka, wutsiyarsa ta rabu biyu kamar zare. Ba ya gulbi. Ba ya tabkin maƙwabcinmu da ke riƙe ruwa har rani. Baba ya ce ya taɓa ganinsa a Faru, amma dangin Inna na Dosara suka ce ba su san shi ba.

Ina aji uku a sakandare na kai wa malamar kimiyya guda ɗaya a kwalba. Kirista ce 'yar kudu, tana zaune cikin Talata Mafara. Ta ce ɗan'uwan ƙaguwa ne da jatan lande, ana samunsa har a ƙasashe masu nisa, amma sai a ruwan da ke ƙafewa. Ƙwansa na kwance cikin busasshiyar ƙasa shekara da shekaru yana jiran ruwa. Da na gaya wa Baba, dariya ya yi.

"To ashe ba ni kaɗai ka gadin gonag ga ba," in ji shi.

Sai aikin dam ya iso mu. Motocin kamfani suka baje gonaki don a ja ruwa. Suka tuge kuka, suka tuge gamban da ke kan iyaka, suka cike kwari. Ko'ina ya zama fili ɗaya, ja, ba inuwa. Maza suka fara fita suna tare hanya. Wata safiya Baba ya fita tare da su.

Ina daka na ji harbin bindigogi daga wajen da suka tare hanya. Na shiga rumbu na tsuguna cikin gero har la'asar. Ban yi kuka ba.

Baba bai dawo ba. Ba a kawo gawa ba. Wasu suka ce sun gan shi ya faɗi, wasu suka ce an sa shi mota. Inna ta rasa abin yi, ta shiga takaba ko ta jira. Kullum tana zuba masa tuwo ta rufe da faifai, da safe mu ɗumama.

Da aka yi ruwan farko ta kira ni.

"Ɗiyata, in babu kabari, a nuna mini gona. In tsaya inda ya tsaya, in yi mishi addu'a, in san na gama."

"Inna, an baje ta."

"Ke da kika yi boko?"

Sai na tuna maganar malama. Na ce mu ba ruwan sati guda. Ƙwan na nan inda kwarin yake. Duk kududdufin da muka ga mai garkuwa a ciki, nan ne gonar.

Ran da satin ya cika muka fita da hantsi. Tun a bakin filin, kududdufin farko, cikin sawun tayar mota, na ga mai garkuwa. Amma na san gonarmu ba ta kusa da nan. Na ci gaba. Na biyu ma akwai. Na uku, har sun yi yawa, suna iyo a rigingine. Na tsallaka sabuwar magudanar siminti, can ma suna nan. Motocin sun kwashi ƙasar kwarinmu sun watsa ta ko'ina, ƙwan ya bi ta. Abin da dā sai a gonar Baba, yanzu yana gonar kowa.

Na yi ta tafiya ina leƙawa, don ban san yadda zan tsaya ba. Inna na bina a baya, takalminta a hannu.

"Mi kika gani?"

"Ina dai dubawa."

"Rana na yi, 'yar boko. Ko makarantar ba ta kai nan ba?"

Na tsaya a wani kududdufi da bai bambanta da sauran ba. Akwai guda biyu a ciki. Na nuna da yatsa.

"Nan ne."

Ta dubi ruwan, ta dubi filin gabas da yamma. Ta wuce kududdufai da yawa tare da ni, kuma idonta lafiya lau. Ba ta tambaye ni komai game da su ba.

"Kin tabbata?"

"Na tabbata."

Ta ajiye takalmi ta durƙusa a laka, ta ɗaga hannu. Ta daɗe. Ni ina tsaye ina kallon masu garkuwar nan suna tonon ƙasa, ban ji komai a raina ba. Da ta shafa, ta ɗebi laka cikin tafi ta ƙulle a bakin zane.

A hanyar gida ta cire 'yan kunnenta ta ba ni in riƙe. Da yamma na rarraba tuwo. Kwanon Baba yana kife a kan randa, ba wanda ya ɗauko shi.