Littattafan Si Bushta da Na Hana a Ɗauka

Zuwa ga Nufal a Tanja da Salwa a Faransa, 'ya'yan marigayi Si Bushta Lamzuri. Daga Mbarka, maƙwabciyarku ta bayan gidan burodi, a Safru.

Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Ranar Alhamis, tara ga Nuwamba, bayan azahar, Allah ya karɓi ran mahaifinku yana zaune a kujerarsa, ba jinya ba kwanciya. Kun zo, kun koma bakin aiki, taron jama'a bai bar ni na zauna da ku ba. Mahaifiyarku Lalla Kinza ta fara cin abinci kaɗan-kaɗan, kullum ina leƙa ta. A wajenmu, ƙafar maigidana Allal ta yi sauƙi, ni hawan jinin ya taso. 'Yata Gizlan jikinta lau, amma ba ta barci, kuma ni ce sanadi.

Si Bushta, da kai nake yanzu. Shekara goma sha biyu ke nan da yayana ya kawo mini takarda in dangwala yatsa, ya ce ta gyaran iyakar gonar zaitun ɗin babanmu ce. Na biyo da ita ta gidanka don kawai Allal ya matsa. Ka karanta, ka ce takardar cewa take na yafe rabona. Ba ka zagi yayana ba. Ni ka kalla ka ce yatsana ya fi idona sauri, in je ajin mata na masallaci. Na je ina da shekara arba'in da takwas. Wannan rubutun, da karkatattun layukansa, daga nan ya fito.

Shekara talatin da biyar ka yi kana aikin lauya a kotunan birnin Fas. Da ka ajiye aiki, Gizlan ta faɗi jarrabawar shiga aikin lauya, ta rufe kanta a ɗaki. Kai ka aiko a kira ta. Kullum bayan la'asar kuna tsakar gidanka, ni ina gefe ina ɓare wake, ba ka taɓa karɓar komai ba sai shayi. Ka ce haddar doka ba ta ceton kowa, sai a sa mata fuskar mutum, kuma fuskata ka zaɓa. Yau na sayar da tunkiya ta mutu kafin mai saye ya zo, asarar wa? Gobe na tayar da katanga a kan hanyar ruwan maƙwabci. Jibi ɗan'uwana ya sayar wa baƙo rabonsa a gidan gado, ina da ikon karɓe shi ko babu? Na ce maka ni ban taɓa cutar kowa ba. Ka ce ai shi ya sa, da duk mutane irina ne da lauyoyin Fas sun mutu da yunwa.

Kana da littattafai uku na rubutun hannunka, tambaya da amsa, waɗanda ka tara tsawon aikinka. Biyu na ciniki da yarjejeniya kun gama su. Na ukun, na mallakar gida da ƙasa, inda Gizlan ta faɗi wancan karon, kun buɗe shi ke nan. Ranar Litinin ɗin ƙarshe ka tura su gabanta ka ce ka ba ta duka, ta ɗauka ta tafi. Ta miƙa hannu, na riƙe hannun. A gidanmu ba a karɓar kyautar malami hannu wofi. Na ce sai Juma'a, in kawo kuskus da dunƙulen sukari, a ɗauka da mutunci.

Ka yi dariya ka ce, “'Yata, faɗa wa uwarki darasin makon jiya.”

Gizlan ta ce, “Kyauta ba ta cika sai an karɓe ta a hannu, mai bayarwa yana raye.”

Na ce, “Kai da ka fi Allal ƙarfi? Juma'a dai.”

Sukarin da na saya don godiya, shi na kai gidanka na gaisuwar mutuwa.

'Ya'yana, ga abin da ya faru bayan tafiyarku. Mahaifiyarku ta sa littattafan a jaka ta kawo da kanta. Gizlan ta sumbace ta a ka, ta raka ta gida da jakar. Ta ce mata, “Inna, ɗaya cikin takwas na gado ne naki. Sauran na Nufal da Salwa ne, ba su ce ba.” Na yi faɗa, na ce wa zai sani. Ta ce ba za ta koyi dokar dukiya daga dukiyar da ba tata ba, balle ta mutumin da ya koya mata. Jarrabawar ranar Lahadi ce, uku ga Disamba, kuma ba kowace shekara ake yin ta ba. Babanta ya ce in ta sake faɗuwa, shagon yadin ƙaninsa yana jiranta.

Allah ya jiƙan Si Bushta, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa, ya sa duk wanda ya tsaya wa a duniya ya zama shaida a gare shi. Ina yi muku ta'aziyya, ku da mahaifiyarku da jikokinsa. Allah ya ba ku haƙuri, ya raya abin da ya bari.

Roƙona shi ne kowannenku ya rubuto layi biyu da sunansa a kan littattafan, kyauta ko aro, wanda ya fi kwanta muku. Gizlan ta ce saƙon waya ya isa, amma kada ɗaya ya rubuta a madadin ɗaya. In babu yarda, ku faɗa, ba zan riƙe ku ba. Amsar ta iso kafin Juma'a, ashirin da huɗu ga wata, don ta samu ko da kwana takwas da littafin na uku. Tana isowa zan tsallaka in ɗauko su da hannuna, ko tukunya na kan wuta.