An Ce Yana Yamai

Da azumin bana yayana, Dokta Kyari, likitan haƙori na Sabon Gari, ya cika shekara bakwai a ƙasa. A gabana aka fita da gawarsa. Amma in ka je asibitinsa yau ka tambaye shi, za a ce maka yana Yamai.

Ba a daɗe da sadakar arba'in ba ɗansa Bukar ya kawo mai sayen asibitin, wani ɗan kasuwa da bai taɓa leƙa bakin kowa ba, sai dai aljihu. Shi kuma ya zo da mai kimanta kaya, wani ɗan gayu mai tabarau. An kira ni, wai a samu babba a dangi. Mutumin ya bubbuga kujerar aiki ya ce ta tsufa. Injin hoto ya sha jiki, ɗakin kuma na haya ne. Na ɗauka ciniki ya watse, sai ya ce a bari sai Alhamis.

Ranar Alhamis, ranar kasuwa, ya tsaya bakin titi yana kallon mutanen Tirmini da Garagumsa da Gidimuni suna sauka daga mota, kowa da hannu a kunci, ba mai tambayar hanya. A nan farashi ya tashi. Ashe ba ƙarfe suka zo saye ba, sawun mutane suka zo saye. Sharaɗinsu ɗaya ne, sunan marigayi ya zauna a kan allo.

Na ce, "Bukar, sunan ubanka ne fa."

Ya ce, "Gwaggo, ai shi ne mai tsadar. Sauran duk tarkace ne."

Gaskiya ya faɗa, kuma ban taɓa jin gaskiyar da ta ba ni ƙyama irin wannan ba.

Ba zan mai da Yaya waliyyi ba. Mafaɗaci ne, yakan wanke dattijo tas a kan goro da sukarin shayi. Amma ba ya cire haƙorin da zai gyaru. Ran kasuwa kuwa mutanen ƙauye yake fara gani don kada mota ta bar su, manyan ma'aikata su yi ta duba agogo, ko a jikinsa. Abin da ya tara masa jama'a ke nan, shi aka saka a sikeli bayan ransa.

Yanzu samari ake canzawa a wurin, gwargwadon abin da ka cire gwargwadon ladanka. Har haƙorin Makka suke saka wa wanda iyakar tafiyarsa Maraɗi. Mutanen gari sun daɗe da janye ƙafa. Na ƙauye kuwa, tunda ba kullum haƙori ke kawo mutum gari ba, su ake wa tatsuniyar Yamai. Da Yaya zai leƙo, na san ba kuka zai yi ba. Tsani zai nema ya sauke allon, ya rafka wa mai shi a ka.

A watan jiya wani tsoho mai noman rake a Gidimuni, Malam Habu, ya yi ta tambaya har ya gano gidana, kuncinsa a kumbure.

Ya ce, "Hajiya, yaushe lokotoro zai dawo? Yaran nan nasa sun cire mini har wanda ba ya ciwo. Na san bai sani ba, shi ya sa na zo a gaya masa."

Na gaya masa. Ya yi salati. Raken da ya kawo wa mamaci tsaraba yana jingine a zaure.

Na yi baƙin ciki, amma a ranar na gane abin da ya rage na Yaya. An cuci mutum da sunansa, mutumin kuma ya ƙi yarda cewa da hannun Yaya a ciki. Wannan yardar ce suka saya, ita suke ci, kuma ba su iya shuka ko ƙwaya ɗaya tata ba.

An ce ba ni da ikon taɓa allon, ciniki ya faɗa. To, bakina dai ba a sayar ba. Wanda ya karanta wannan ya faɗa a tasha, ya faɗa wa direbobin ƙauye: Dokta Kyari ba ya Yamai. Yana maƙabarta, Allah ya jiƙansa. Mai son ganinsa ya zo in raka shi.